Ɓera Mai Lamba Tara

Baba yana ɗana musu tarko a rumbun gero,
ni kuwa a Aliero ina ba su ruwa a kwalba,
in sauya musu dusar katako,
in auna su a sikeli, in rubuta.
Ran da ya ji, ya aje kwandon albasa:
"Ɗiyata, wanga boko naku da ban mamaki,
kusu kika yi wa bara?"

Farare ne, ido ja kamar ƙwayar barkono,
mata zalla, goma sha biyu.
Sha ɗaya suna bin littafi.
Ɗaya ba ta bi,
ita ce mai lamba tara.

Kwana huɗu, wani lokaci biyar,
shi ne watansu duka.
Da hantsi nakan ɗiga ruwan gishiri,
in ɗebo ɗigo, in shafa a gilashi,
in sunkuya kan madubin likita.
Yau ƙwayoyi ƙanana birjik kamar tsaba,
gobe masu cibiya, kewayayyu, a dunƙule,
jibi busassu kamar ɓawon albasa
da iska ta tara.

Ranar masu cibiya ita ce ranar.
Tun daren jiya estrojin ke hauhawa
sannu, kamar gulbin Kabi a farkon damina,
ba ka ganin tafiyarsa
sai ka ga dutsen wanki ya nutse.
In ya kai baki, ƙwaƙwalwa ta ji,
wani ɗan ƙulli a ƙarƙashinta, bai kai ƙwayar dawa ba,
ya ɓalle wa el-eci mashiga.
Tsakanin la'asar da magariba ne,
sa'o'i kaɗan, ambaliya, sai ta janye.
In ka je sayen ƙosai ka dawo,
sai dai ka jira wasu kwana huɗun, ka sake jira.

Furojestaron na biye da ita
kamar mai shimfiɗa tabarma kafin baƙo.
Can bayan tsakar dare,
ba ni nan, ba kowa,
Malam Arzika na gyangyaɗi bisa bencin gadi,
ƙwai ke fita, goma ko fiye,
ba guɗa, ba ƙara.

Mako na uku wuta ta ɗauke,
injin ya ci mansa ya yi shiru.
Arzika, don tausayi, ya rataya musu fitilarsa
ta kwana tana ci, dare uku.
Ba wanda ya gaya masa duhu ma abinci ne,
da shi suke ƙirga lokaci.
Jadawalina ya wargaje.
Dakta Kulu ta duba, ta cire tabarau:
"Sai a sake, daga fara."

Na yi kuka a bayan tankin ruwa,
na fito na wanke kwalabe.

Sha ɗaya sun dawo hanya cikin mako biyu.
Ita kuwa ta tsaya a ɓawon albasa,
yau haka, gobe haka,
tana cin abincinta, tana share gashin baki,
tana kallona ta tsakanin waya
kamar ni ce ake lura.

An ce in fitar da ita daga lissafi,
layi ɗaya ne, a ja biro, shi ke nan.
Na ce a ba ni zuwa Laraba.

Talata da hantsi na sunkuya,
sai ga su, kewayayyu, masu cibiya,
cunkus kamar 'yan kasuwa a inuwa guda.
Ban gaya wa kowa ba.
Na yi la'asar da wuri a bakin ƙofa,
na jera allura da auduga,
na sa agogo a gabana.
Hannuna na warin albasar gida,
nata ƙirjin na bugawa a tafina, da sauri, da sauri.
Ƙarfe biyar saura.